Katifar Baba a Mina: Ranar da Muka Dawo Daga Jifa Muka Tarar da Baƙi a Tantinmu

Ranar Lahadi 16 ga Yuni, 2024, wato 10 ga Zulhajji 1445, muka dawo daga jifa wajen ƙarfe 10 da rabi na safe, muka tarar da mutum 11 da ba namu ba a kwance kan katifunmu a Mina. Ni aka ɗora wa shugabancin tantin. Ba ilimi na fi kowa ba, ba kuma shekaru ba. Takardar sunaye ce a hannuna, sannan wayata tana riƙe caji. Abin da ya gudana daga wannan hantsi zuwa asubahin Talata shi nake son in bi daki-daki, har da wuraren da na yi kuskure. A duk bitar da aka yi mana kafin mu tashi, an koya mana ɗaura harami, an zagaya da mu ɗakin Ka'aba na katako, an ƙirga mana tsakuwar jifa, amma ba wanda ya taɓa ce mana ga abin yi idan ka dawo a gajiye ka samu wani a makwancinka.

Wanda bai je ba zai yi mamakin yadda magidanta masu furfura za su ɗaga murya a kan katifa. Sai ka ga wurin tukuna. Mina kwari ne tsakanin duwatsu, gabas da Makka, kuma iyakarsa a shari'a sananniya ce: daga Jamratul Aƙaba zuwa kwarin Muhassir, hagu da dama kuwa dutse ne. Ba ya ƙaruwa. Mutane ne ke ƙaruwa. A shekarar, hukumomin Saudiyya sun ƙirga alhazai 1,833,164. Tantunan sun haura 100,000, farare fat, iri ɗaya sak, kafaffu duk shekara. Tun bayan gobarar 1997, wadda ta ci rayuka sama da 340, aka bar kafa na yadi aka koma ga waɗanda wuta ba ta kama su, aka kuma hana girki da gas a ciki. Kowace ƙasa da ɓangarenta, kowace jiha da layinta, kowane sansani da shinge da ƙofa da mai gadi.

Tantinmu mu 48 ne. Katifar soso ce mai naɗewa, ka naɗe ta ta zama kujera, ka warware ta ta zama gado. Idan ka kwanta rigingine, kafaɗarka tana gogar ta maƙwabcinka, idan ka juya da dare sai ka nemi afuwa. Hanyar da aka bari a tsakiya ba ta wuce mutum ɗaya ya bi a karkace ba. Esi biyu ne, ɗaya kusa da ƙofa, ɗaya a tsakiya, lungun baya kuwa sanyin sai ya ga dama yake kai wa. Wannan ɗan siririn soso shi ne gidanka na kwana huɗu ko biyar, kuma ba kyauta ka same shi ba. A shekarar an fara sanar wa 'yan Arewa kusan naira miliyan 4.7, sai ga shi a watan Maris an ce kowa ya ciko miliyan 1.9. Akwai wanda ya sayar da gona, akwai wanda 'ya'yansa suka yi masa karo-karo a cikin kwanaki ƙalilan. Saboda haka idan mutum ya ce “katifata,” ya san abin da yake faɗa.

Mun shiga Mina daren Alhamis wayewar Juma'a. A daren muka yi abin da har yanzu nake ganin shi ne daidai: kafin kowa ya baje, muka ware katifu takwas na bakin ƙofa muka ba tsofaffi da masu ciwon sukari, don layin banɗaki a Mina yakan cinye wa mutum rabin awa ko fiye, tsoho kuma ba zai riƙa tsallake kawunan mutum 20 cikin duhu ba. Wani malamin asibiti mai ritaya da ke cikinmu ya fito da filasta, kowa ya rubuta sunansa ya manna a gefen katifarsa. Aka yi yarjejeniya a kan wurin caji, da kashe fitila, da cewa mai son yin waya da gida bayan sha ɗaya ya fita waje. Ta farko daga ƙofa, daidai ƙarƙashin esi, ita aka ba wani manomi ɗan shekara 70 da 'yan kai, wanda duk tantin Baba muke ce masa.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne, daga safiyar Asabar da muka tafi Arfa har hantsin Lahadi, tantin ba kowa. Yini guda da dare guda, sai jakunkuna. Da safiyar Sallah kuma mutane na kwararowa daga Muzdalifa dubu-dubu a lokaci ɗaya, kowa da farin ƙyalle biyu, kowa ya yi buɗu-buɗu da ƙura. Ba mai gadin da zai iya duba katin kowa a irin wannan turereniya. Harami yana daidaita sarki da talaka, haka kuma yake daidaita mai izini da marar izini a idon mai tsaron ƙofa.

Da muka ɗaga labule

Mu tara muka fara isowa. Tantunanmu suna can ƙarshen Mina ta wajen Muzdalifa, saboda haka zuwa jifa da dawowa ba ƙaramar tafiya ba ce ga wanda ya kwana a kan tsakuwa. Ƙafar Baba ta kumbura har silifa ba ya shiga, a hannu yake riƙe da shi. Na ɗaga labulen, sanyi ya buso, sai na ga ƙafafu. A kan katifar Baba wani tsoho ne fari, siriri, bakinsa a buɗe, wani matashi na tsugune a kansa yana masa fifita da kwalin ruwa. Sauran sun bazu a layin ƙofa da na tsakiya, wato dai inda sanyi yake. Ba wanda ya zaɓi lungun baya.

Zaman da suka yi bai tayar da hankali kamar jakunkunan ba. An kwashe jakunkunan masu katifun an jibge su a kusurwa ɗaya, wata kan wata. A cikin jakar Baba maganinsa yake, da ɗan guzurinsa da ya ɗinke a cikin tsohuwar safa. Da ya duba bai ga jakar a inda ya bar ta ba, sai ya fara salati, jikinsa na rawa. Na lura da wannan sau da yawa daga baya: mutum yakan jure a zauna masa a wuri, amma a taɓa masa kaya ba da izininsa ba, nan ne zuciya ke ɗebowa. Da baƙin sun bar kowace jaka a gefen katifarta, da rabin hayaniyar ba ta tashi ba.

Akwai wani matashi a cikinmu, ɗan kasuwar waya, mai zafin nama da son a yi komai yanzu-yanzu. Kafin in buɗe baki ya riga ya kama ƙafar wani ya ja. Mutumin ya tashi a firgice ya ɗaga hannu. Wasu namu suka ƙaraso, kowa na magana, Hausa da Larabci da Turanci suna karo, kuma mafi yawanmu ko aski ba mu yi ba, haramin yana jikinmu. Ni kuma na yi kuskurena na farko: na tsaya a ƙofa na ɗaga murya ina yi wa su 11 magana a dunƙule, “Ku tashi, nan wurin mutane ne.” Ba wanda ya motsa. Magana idan ta zama ta kowa, ba ta kowa ba ce. Kowanne yana kallon na kusa da shi ya ga ko zai tashi.

Malamin da aka haɗa tawagarmu da shi ne ya ja ni gefe. Ya ce, “Shugaba, ka san ko su wane ne?” Na ce a'a. Ya ce, “To ka fara da nan.” Ya sa aka kawo ruwan sanyi daga firjin bakin layi aka miƙa wa kowa, namu da baƙi, ya kuma roƙi ɗan kasuwar ya je ya warware jakunkunan ya ba kowa tasa, wanda a gaskiya dabara ce ta ba hannunsa aikin yi. Ni kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya, a tsugune, ina sallama ina neman ganin kati. A shekarar an wajabta wa kowane alhaji rataya katin Nusuk, mai hoto da bayanin inda aka sauke shi.

Cikin minti goma sai ga shi ashe matsala uku ce muke ta yi wa tsawa ɗaya. Mutum biyu 'yan wata jiha ne, ƙauyawa, da katinsu da komai. Ɓata suka yi. Sun ga tutar Najeriya a ƙofa, sun ji ana Hausa, sun shiga, har ɗayansu yana rantsuwa cewa nan ya kwana ranar Juma'a. Wanda ɗan kasuwar ya ja wa ƙafa ɗaya ne daga cikinsu. Muka karanta lambar sansaninsu, wani yaro ya raka su, layi uku ne kawai tsakani. Mutum uku kuma namu ne, 'yan jiharmu, daga tantin da ke jikin namu. Esinsu ya tsaya tun da safe, suka shigo shan sanyi barci ya kwashe su. Waɗannan ko gardama ba su yi ba, kunya ce ta kama su. Muka ce su zauna a hanyar tsakiya, na aika a sanar da ma'aikatan sansanin, kafin la'asar aka gyara suka koma. Da mun kori 11 ɗin nan da ƙarfi, da biyar daga cikinsu mutanen da za mu hau jirgi ɗaya da su ne, ko kuma mu haɗu a sansanin alhazai.

Saura shida, su ne ba su da kati. Huɗu Hausawa ne: ɗaya tela mazaunin Jidda, irin waɗanda muke kira takari, yana da igama, wato izinin zama a ƙasar, amma ba shi da tasrihi, wato takardar izinin Hajji, ukun sun shigo ne da bizar Umara tun azumi suka maƙale. Sai tsohon nan da ɗansa, daga wata ƙasar Larabawa, da bizar ziyara. Wani dillali ya karɓi kuɗinsu ya ce akwai mota akwai tanti, ya sauke su a gefen Arfa ya kashe waya. Tun daga nan a ƙasa suke tafe.

Hadisi biyu a tanti ɗaya

Telan ba jahili ba ne, kuma bai yi rashin kunya ba. Ya gyara zama ya fuskanci Malam ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ai ka fi ni sani. Da Nana A'isha ta ce a gina wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ɗaki a Mina ya riƙa shan inuwa, cewa ya yi a'a, Mina masaukin wanda ya riga isowa ne. Mu kuwa mun zo mun tarar ba kowa.”

Tantin ya yi tsit, don da yawa ba su taɓa jin hadisin ba. Malam ya ce, “Hadisin yana nan, Tirmizi ya kawo shi. To amma wa ya riga isowa? Mu tun daren Juma'a muke nan, ga sunayenmu a jikin katifu. Kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya tashi daga mazauninsa sannan ya dawo, shi ya fi cancanta da shi. Ba tashi muka yi muka bar wurin ba, Alhaji. Arfa muka je, inda kai ma ka je.” Telan ya sunkuyar da kai. Namu suka fara “ƙwarai, ƙwarai.” Sai Malam ya juyo kanmu ya karanta ayar Suratul Mujadala, wadda ta ce idan aka ce muku ku buɗa a majalisai to ku buɗa, Allah zai buɗa muku, ya ɗora da ta Baƙara da ta hana jayayya a cikin Hajji. Daga nan ya yi shiru ya bar ni da jama'a.

Na daɗe ina juya wannan musayar. A nawa fahimtar, hadisin da telan ya kawo yana hana mutum ya gina ya ce ƙasar Mina tasa ce. Baba kuwa ba ƙasa ya saya ba. Inuwa ya biya wa, da soso, da sanyi, da abincin da ake ƙirgowa da kan mutum. Ta fuskar haƙƙi ba wata ja-in-ja. Ko majalisar manyan malaman Saudiyya ta fitar da bayani a watan Afrilun shekarar cewa bai halatta a tafi Hajji ba tare da izini ba, kuma cikin dalilansu har da cutar da sauran alhazai. Sai dai sanin mai haƙƙi bai gaya maka yadda za ka yi da tsohon da ke kwance a gabanka yana numfashi sama-sama ba, alhali a bayan labule kwalta tana tururi.

Tantin ya rabu biyu. Ɗan kasuwar da wasu suka ce a kira askarawa, magana ta ƙare. Kowa ya san abin da hakan ke nufi: a shekarar, tarar riyal 10,000 ce ga wanda aka kama ba izini, baƙo kuma a tasa ƙeyarsa gida a hana shi dawowa. Ga telan, sana'arsa ce da iyalinsa a Jidda. Wasu kuma suka ce haram, ranar Sallah, a wuri mai alfarma, a bar bayin Allah su kwanta, ai lada muka zo nema.

A nan ne takardar sunayen ta yi mini rana. Na duba masu ɗaga murya a ɓangarorin biyu, na duba katifun da aka zaune. Cikin masu cewa “a bar su, lada ne,” babu ko ɗaya da aka hau tasa katifar. Kowannensu yana zaune a kan tasa, ya miƙe ƙafa, yana rabon ta wani. Cikin masu cewa a kira askar ma, mafi yawansu ba abin da aka taɓa musu. Masu katifun shida kuwa, waɗanda duk tsofaffi ne da marasa lafiya tunda layin ƙofa ne, suna tsaye sun jingina da ƙarfen tanti, ba wanda ya tambaye su. Har wani ya matsa kusa da Baba yana cewa, “Baba, a yi haƙuri a bar masa, kai da shi duk tsofaffi ne.” Na ga bakin Baba yana motsi zai ce to, don irin tarbiyyarsa ba ta ba shi damar ya ce a'a a gaban jama'a. Na tsuguna na ce, “Baba, ni kaɗai za ka gaya wa. Za ka iya?” Ya yi ƙasa da murya ya ce, “Ɗana, ni dai ƙafata. Kuma fitsarin nan.”

Abin da na yanke ke nan: kowace katifa ta koma hannun mai ita, yanzu. Wanda ya ga zai iya ba da tasa, ya faɗa da bakinsa. Ba wanda zai yi kyauta da ta wani. Ba za a kira askar ba, baƙin su zauna a hanyar tsakiya da gefen ƙofa har rana ta faɗi, bayan magariba su nemi wuri. Abinci 48 ake kawowa, kowa ya karɓi nasa, mai niyya ya raba.

Masu kiran lada suka ɗan yi shiru, kamar yadda na zata. Mutum uku ne suka ce za su yi karɓa-karɓa da baƙin, su kwanta awa biyu su tashi. Ni na ba tsohon Balaraben tawa, amma tawa a lungun baya take, malamin asibitin ya ce sam, wannan jikin ba zai kai yamma a can ba. Sai wani direba da bai ce uffan ba tun da aka fara ya tashi daga ƙarƙashin esin tsakiya ya koma kan tawa, aka ɗauki tsohon mu huɗu aka shimfiɗe shi a kan ta direban. Malamin asibitin ya jiƙa ƙyalle da ruwan ƙanƙara ya sa masa a wuya da hamata, ya haɗa ruwan gishiri da sukari yana ba shi da murfin gora. Baba ya koma katifarsa, ya zare safar ya ƙirga abin da ke ciki sau biyu, ya sha magani, bai ƙara magana ba.

Tsugune ba ta ƙare ba

Bayan magariba telan da biyu suka yi godiya suka tafi. Na huɗun ya sulale cikin duhu, da asuba muka same shi a naɗe a bakin ƙofa tsakanin takalma. Tsohon kuwa ko zama bai iya yi ba, saboda haka wa'adin da na yanka ya karye tun a daren farko, kuma ni na karya shi.

Da safiyar Litinin sai ga mutum biyar sababbi a bakin labule, wai an ce musu a nan ana taimako. Ɗan kasuwar ya kalle ni ya ce, “Yaya, ka gani ko?” Na hana su shiga. Na ba su ruwa da kwalin abincin safe biyu, na nuna musu hanyar asibitin da ke kusa da ƙarƙashin gadar da mutane ke fakewa. Ranar ce aka auna zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami na Makka. Ban san inda suka ƙare ba, kuma ba zan ce abin ya bar raina ba. Amma tantin da aka yi wa 48, mu 51 ne a ciki, esin ƙofa ya fara fitar da iska mai ɗumi, kuma akwai masu hawan jini a layin baya.

Dole in ba ɗan kasuwar haƙƙinsa, don har yau bai canja ra'ayi ba kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Yakan ce duk wanda aka bari ya sha sanyi a tantin wani, ya koma gida ya ba da labarin ya yi Hajji a arha, baɗi goma za su biyo shi, dillalai su ci kasuwa, a ƙara zubar da tsofaffi a gefen titi. Da ministan lafiya na Saudiyya ya sanar a 23 ga Yuni cewa mutum 1,301 ne suka rasu a aikin Hajjin, kuma kashi 83 cikin 100 ba su da izini, sun yi doguwar tafiya cikin rana ba mafaka, shi ya fara turo labarin a zaurenmu na WhatsApp. Da Masar ta soke lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16 a kan wannan, nan ma ya turo. Ni kuma da na karanta adadin, fuskar tsohon nan na gani, da ta mutum biyar ɗin. Lamba ɗaya ce, kowa da abin da ya karanta a cikinta.

Akwai abin da sai daga baya na gane na yi sake. Na yi wa baƙin alkawarin zama har magariba ba tare da na nemi yardar masu layin baya ba, alhali su ne suka biya kuɗin wannan alkawarin da zufarsu. Ban kuma gaya wa jami'in jiharmu ba sai washegari, don ina tsoron kada maganar ta kai ga askar. Da wani abu ya samu tsohon a daren, da ban san bakin da zan yi bayani da shi ba. Mafi girma, tun ranar Lahadi ya kamata a kai shi asibiti. Ɗan ne ya riƙe hannuna yana roƙo, wai za a kama su, mu kuma muka biye masa.

Da hantsin Litinin ɗan ya ce zai fita neman mahaifiyarsa, wadda suka rabu da ita tun a Muzdalifa. Ya bar lambarsa a wajen Malam. Bai jima da fita ba aka sanar da hana zuwa jifa daga ƙarfe 11 zuwa 4 na yamma saboda zafi, aka tsananta tsaro a ƙofofin sansani. Da aka buɗe kuma sai da kati ake shiga. Ya dawo da la'asar mai gadi ya hana shi. Ya kira yana kuka, Malam na fassara mini. Ya samu uwar a wani asibiti a nan Mina ana mata ƙarin ruwa, kuma ba wanda ya tambaye ta tasrihi kafin a sa mata. Malamin asibitinmu da ya ji haka sai ya dafe kai.

Tsohon ya kwana na biyu a wajenmu, ba ɗa, ba yare sai ta bakin Malam. Direban ya ci gaba da kwana a kan tawa, ni na kwana a zaune na jingina da jakunkuna. Cikin dare na ji motsi, na buɗe ido na ga Baba ya dawo daga banɗaki ya tsaya a kan tsohon yana kallonsa, ya ja masa bargo ya rufe ƙafafunsa, sannan ya koma tasa ya ɗaura igiyar jakarsa a wuyan hannu ya kwanta.

Da asubahin Talata, 12 ga Zulhajji, muka aro keken marasa lafiya daga tantin mata muka tura shi zuwa ƙofa. Ɗan yana ta waje ya kama shingen da hannu biyu. Mai gadin ya dubi wuyan tsohon, ya dubi namu, ya buɗe ya kau da kai. Muka raka su har ƙofar asibitin da uwar take, muka dawo da keken. Direban ya koma ƙarƙashin esinsa, ni kuma na samu tawa, filastar sunana ta ɓare rabi ta manne a bargon wani. Na kwanta a kanta kamar awa huɗu, sannan aka zo aka ce kowa ya haɗa kaya, bayan jifa motoci za su fara kwasa zuwa Makka.